Kwana guda a hamadar Anza-Borrego

Bayan mun idar da sallar asuba muka bar birnin San Diyego, ni da wani ɗan'uwa da ya daɗe yana zaune a jihar Kalifoniya, muka nufi gabas. A cikin watan Maris ne, domin masu sanin wurin ba su ba mutum shawarar shiga wannan hamada da bazarar can, wadda ke zuwa a tsakiyar shekara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Tafiyar ta kai sa'o'i biyu. Da muka wuce ƙauyen Ranchita, hanya ta soma gangarowa daga kan tsauni tana lanƙwasa kamar maciji, sai kwarin Borrego ya bayyana a ƙarƙashinmu, fari fat, in ban da wasu gonaki kore shar da ke can gefen arewa.

Na zo da tunanin zan ga tuddan rairayi irin na yankin Agadas, amma abin da na tarar duwatsu ne da tsakuwa da ƙananan itatuwa masu ƙaya. Wannan gandun daji na Anza-Borrego shi ne mafi girma cikin waɗanda gwamnatin jihar ke kula da su, faɗinsa ya kai kimanin eka 600,000, kuma tun 1933 aka keɓe shi. Sunansa haɗi ne na Juan Bautista de Anza, jami'in sojan Sifen da ya ratsa nan a 1774, da kalmar borrego, wadda ke nufin tunkiya a Sifaniyanci, saboda ragunan dutse masu murɗaɗɗun ƙahoni da ke zaune a tsaunukan.

Muka ɗauki hanyar ƙafa ta kwazazzabon Borrego Palm Canyon, wadda zuwa da dawowa mil 3 ce. Ban yi nisa ba na goga ƙafata da wata shuka da ake kira cholla, sai wani gaɓa nata ya ɓalle ya maƙale a wandona, ya fi ƙarangiya naci nesa ba kusa ba. Na kai hannu zan cire, abokin tafiyata ya daka mini tsawa: "Malam, kada ka taɓa!" Ya zaro matajin kai daga jakarsa, ya zura shi tsakanin wandon da ƙayar, ya fizge ta lokaci guda. Ashe don wannan ne yake yawo da mataji a jeji.

A gefen hanya muka ga ramuka masu santsi a bisa wani falalen dutse, inda matan ƙabilar Cahuilla, 'yan asalin yankin, suka riƙa daka 'ya'yan itatuwa shekaru aru-aru. Na durƙusa na sa tafin hannuna a ɗaya daga ciki, na ji shi sumul kamar cikin tsohon turmi. Duk inda mata suka yi turmi, ruwa ba ya nesa, kuma haka ya kasance, domin ba da jimawa ba muka fara jin ƙararsa yana bin ƙarƙashin duwatsu.

A ƙarshen hanyar, cikin kwazazzabon, akwai kurmin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar na giginya, waɗanda ba su tsirowa sai inda saiwarsu ta sami ruwa rani da damina. Gobarar da ta tashi a farkon 2020 ta bar jikinsu baƙi ƙirin, amma kawunansu sun sake toho. A ƙasar da ruwan samanta bai wuce kimanin milimita 150 a shekara ba, ganin ƙorama tana gudana ya sa na yi shiru na tsawon lokaci. A nan ne kuma abokina ya nuna mini ragon dutse guda a saman tsauni, launinsa ya saje da na dutsen har sai da ya motsa kai sannan idona ya kama shi.

Da yamma muka bi ta gonakin nan da na hango da safe, muka tarar na lemo ne. Mun sayi leda guda a wata rumfa da ke bakin titi, kuma zaƙinsa ba a magana. Sai dai garin Borrego Springs da gonakinsa kaf sun dogara ne ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda aka shafe shekaru ana zuƙa fiye da yadda yake komawa, kuma noma ne ke shan mafi yawansa. Yanzu an wajabta wa mazauna kwarin su rage kusan kashi uku cikin huɗu na abin da suke ja kafin 2040. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na san yadda rijiya ke ja da baya a ƙauyenmu, guga na neman ƙarin igiya kowace shekara.

Garin yana taƙaita hasken fitilu da dare, abin da ya sa aka karrama shi a 2009 a matsayin gari mai kiyaye duhun sama. Da lokacin isha'i ya yi, na yi alwala da rabin gorar da ta rage mana, ina tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan, muka yi salla a kan tsakuwa, Kaza da 'Ya'yanta na bisa kanmu ta yamma.