Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Taskirar Kaka

Makon jiya na tsaya a daren da na zubar da burkina, abin shan gero da nono, bokiti biyu a kwata, ina zubarwa ina share hawaye, don wuta ta ɗauke tun asuba ba ta waiwayo mu ba. To daga nan zan ɗora.

Duk wanda 2015 ta riska a Ghana ba sai an ba shi labarin dumsor ba. Kalmar ta Tonawa ce, kashe da kunna, amma mu a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, kashewar muka fi sani. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, har aka fitar da jadawali: awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Ni kuwa jarina kaf a cikin firiza yake, sobolo, wato zoɓo, da lamurje da burkina da ƙanƙara. Na cije har wata uku. Daga baya na wanke firizar, na bar murfinta a buɗe ta sha iska, yara suka mai da ita ma'ajiyar takalman makaranta.

Asarar kuɗi ta dame ni, amma ba ita ta hana ni barci ba. Hannuna ne. Tun ina 'yar shekara bakwai da tiren talla a ka, hannun nan bai san zama ba. Bayan isha'i lokacin ƙulla leda ne, ɗari biyu, ɗari uku, har yatsu su yi kanta. Yanzu sai in zauna a tsakar gida cikin duhu da sauro, hannu bisa cinya kamar mai zaman makoki, ina neman wanda zan yi wa faɗa. Maigida ya fi kowa shan wahalata a watannin nan, Allah ya ba shi lada.

Wani dare na shiga ɗakin Mma, mahaifiyata, neman tsohuwar fitilar ƙwai, na zura hannu ƙarƙashin gado, sai na jawo wani abu mai nauyin kaza an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Tun kafin in kwance na gane ƙanshin. Taskirar Kaka ce. Mazari uku, ɗaya har da ragowar zare a jikinsa ya koma ruwan ƙasa, gululu biyu na yumɓu da ake sa wa mazari don ya yi nauyi, ɗan ƙoƙon da take kafa mazari a ciki, bakan shiɓa da tsirkiyarsa ta tsinke, da guntun alli da bai kai goro ba.

Bari in ɗan tsaya a kan Kaka, don ban ba ta haƙƙinta a kashi na biyu ba. Mahaifiyar Mma ce, haifaffiyar Salaga, jikar fataken Kano da goron Gwanja ya jawo. Bayan yaƙin Salaga na 1892 Hausawa da yawa sun watse, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi da Ankara, babban birnin Ghana, amma gidansu ya zauna, ita aure ne ya kawo ta Kumasi. Ta zo da kaɗinta garin da ba a noman auduga, ƙasar kurmi da koko, ta kuma ƙi bari. Mma ta ce a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, Zango, unguwar baƙi, ta rikice, kowa na ɗaure tukwane da katifa yana sayar da gado a wulaƙance, Kaka kuwa taskirar nan ta fara ɗaurewa. Ƙarshe ba su tafi ba, amma sai da ta yi wata guda a ɗaure a bakin ƙofa.

Ina iya ganinta yanzu. Da hantsi za ta baje ƙafa bisa tabarma, ta ɗora auduga a kan magurji, ta murza siririn ƙarfe da tafin hannu biyu, angurya na tsalle gaba. Ni ce mai tsince anguryar. Sai shiɓa: ta riƙe baka a kan tulin audugar tana fizgar tsirkiya, audugar na tashi tana kumbura har ta zama kamar kumfa, ƙura ta cika mana hanci. Sai ta naɗe ta sutu-sutu. Kaɗin kansa sai bayan la'asar. Sutu a hannun hagu, ta dangwali alli da yatsun dama, ta murza mazari a cikin ƙoƙo, hannun hagu na ɗagawa sama sannu a hankali, zare na fitowa kamar dama can yana ciki ne ana jawo shi. In tana son abawa, mai kauri, hira take yi. In arafiya ce, siririn nan, ko sallama ba ta amsawa sai ta kai ƙarshen jan.

Ta koya mini ina 'yar tara. Na yi wata biyu, talla ta ɗauke ni, shi ke nan.

Na fito da taskirar tsakar gida, Mma ta haska da tocilan, ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, mai da kayan mutane inda kika gan su." Na ce, "Mma, kaɗi zan yi." Dariyar da ta yi sai da ta ƙware. "Da wace audugar? A Kumasi?"

Gaskiyarta. Washegari na shiga Babbar Kasuwa, na zaga har Kejetia, na dawo ta Alabar. Masu katifa da matashi suka miƙo mini audugar rimi, ni kuma don rashin sani na saya. Audugar rimi ba ta kaɗuwa. Gashinta santsi gare shi, ga saurin karyewa, kina murzawa yana zamewa. Kwana uku ina fama ina zagin hannuna, Mma tana kallo ba ta ce uffan ba, sai a na huɗu ta ɗauka ta murza a yatsa ta ce, "Wannan ai ta filo ce." Ta sani tun ranar farko. Haka Mma take.

Ɗan ƙanin maigida ne ya fisshe ni. Yana bin motar doya, Tamale zuwa Kumasi ta Kintampo da Tachiman. Na roƙe shi, ya ce, "Goggo, auduga kuma? Ko asibiti za ki buɗe?" Bayan mako biyu sai ga shi da rabin buhu, da 'ya'yanta da ƙaiƙayinta, ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi a wani ƙauye kuma ta ƙi karɓar ko pesuwa, ta ce a gaida mai kaɗin. Har yau ina yi wa baiwar Allah nan addu'a, ban san fuskarta ba.

Magurjin Kaka ya ɓace tuntuni, sai na yi da dutsen niƙa da wani ƙarfe da maƙerin unguwa ya goge mini. Tsirkiya na sa igiyar kamun kifi. Alli kuwa Mma ce ta haɗa, ita da ta ce in mai da kayan mutane: ta karɓo ƙashin shanu wurin mahauta, ta ƙona shi a gawayi har ya yi fari fat, ta daka, ta kwaɓa da ruwa, ta shanya. Tana miƙo mini ta ce, "Kar ki ce na taimake ki."

Kaɗi ba ya son haske sosai, wannan ne ya sa ya dace da dumsor. Yatsa ne ke gani. Amma yatsuna sun manta. Gashin auduga gajere ne, in murɗi bai ishe shi ba sai zaren ya rabu kamar an ja tuwo, in ya yi yawa ya ƙudundune ya tsinke da ƙara. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan wuri, shi ake nema. Na yi mako uku ina samun zare mai ciki kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, nan kauri nan siriri. Sai wani dare, ana ta hayaniyar janareton maƙwabta, na ji hannun hagu ya tafi sama shi kaɗai, zaren ya biyo shi bai tsinke ba, kamu ɗaya, biyu, har goma. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba har aka yi kiran assalatu.

Da mazari uku suka cika, tambaya ta taso: zaren me? Kaka tana aika nata arewa ne wurin masaƙa. Masu kente na Bonwire, nan kusa da mu, zaren kamfani suke saƙa da shi. Masu son zaren hannu suna can Daboya, bakin Farin Volta, inda ake rini da baba ana saƙa ƙyallen batakari, kuma wa zai kai musu mazari uku?

Amsar tana shagon telan bakin layinmu. Kullum da yamma yaransa na share ƙyallayen atamfa su cusa a buhu, na GTP, na ATL, har da guntayen Holan na manyan hajiyoyi, a kai bola. Tonawa suna harhaɗa irinsu su yi zane, asasawa suke ce masa. Ni kuma sai na tuna labarin da Kaka ke ba mu na dawakin sarakunan Hausa da ake sa wa lifidi: ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi har kibiya ta kasa hudawa. Na ce to ni ba yaƙi zan je ba, bargo zan yi wa Mma saboda hunturu. Na ce wa tela, "Masta, buhun nan nake so." Ya ce, "Hajiya, in kin kwashe kullum ma kin rage mini aiki."

Na yanka ƙyallayen murabba'i, faɗin tafin hannu, da kwalin sabulu a matsayin ma'auni. Na haɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya, sai da fuskar ta kai girman katifar Mma. Bayan kuwa tsohon zanen Kaka ne, baƙin rini, da ya kwana shekaru a adaka. Na shimfiɗa shi a ƙasa, na baje shiɓaɓɓiyar auduga a kai, na rufa da fuskar, na kama su da dogon ɗinki na wucin gadi don kar su zame. Zarena shi kaɗai ba ya jure jan allura, sai na haɗa biyu na murɗa su ta baya, na goga musu kakin zuma. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, in ba haka ba ƙyalle ya taru ya yi tumbi. Ƙulli kuma a ja shi ya shige cikin audugar, kar a gan shi. Atamfar da ba a wanke ba tauri gare ta, ta huda mini ɗan yatsa har sai da na yanko fatar tsohon takalmi na ɗaura.

Matan gidanmu, mu iyali takwas ne a gida ɗaya, suka fara zagayowa. Kowace da tambaya ɗaya: "Nawa za ki sayar?" Na ce ba na sayarwa ba ne. Sai a dube ni kamar na ce na daina cin gishiri. Ban ga laifinsu ba. A Zango mace ba ta motsa hannu a banza, in kin soya ƙosai na sayarwa ne, in kin yi kitso na kuɗi ne, ko lalle kika iya sai an ce ki buɗe wuri. Ni ma haka na tashi. Maigida da kansa ya zauna ya yi mini lissafi, ya ce in aka raba kuɗin bargo a kan kwanakin da na ci, ko kokon safe ba zai saya ba, ga barguna 'yan gwanjo jibge a kasuwa. Na ce, "Malam, kai da kake kwana sauraron ƙwallon Kotoko a rediyo, nawa suke biyanka?" Bai sake tayar da maganar ba. A raina kuwa na san abin da ban iya faɗa musu ba: duk abin da hannuna ya taɓa yi, wani ne ke jira, mai saye ko miji ko yaro. Wannan kaɗai ne in na ga dama in yi, in na ga dama in warware.

Sai wuta ta fara zama. Na kori takalma daga firiza, na ranto jari wurin adashi, na koma ƙulla leda. Bargon da ya kai rabi na naɗe shi na ɗora bisa durowa, na ce gobe. Goben nan ta ci wata huɗu. Ga azumi, ga bikin ƙanwata, ga waya da ta shigo hannuna da WhatsApp ɗinta, wadda in gaskiya za a faɗa ta fi biki da azumi cin lokacin. Kullum in na shiga ɗaki sai in kau da kai daga durowar kamar mai bin bashi ce.

Ƙaramar 'yata ce ta karya abin. Ta ce, "Mma, bargon Hajiya ya mutu ne?" A daren na sauko da shi. Na daina jiran ranar da zan sami sarari, don na gane ba ta cikin kalanda. Na yi wa kaina ƙa'ida: bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan sobolo, zare ɗaya, tsawon kamu guda, in ya ƙare in soke allura in tashi ko da daɗi bai ishe ni ba. Ƙyallaye kuma na zuba a jaka, ina haɗawa a layin asibiti da gidan suna. A trotro, motar haya, na gwada sau ɗaya, direba ya faɗa rami wajen Asawase, allura ta shige cinyata, na tuba.

Da zare ɗaya-ɗayan nan na kai gefe, na kalmashe baki, ana saura kwana kaɗan iskar hunturu ta sauko. Don zumuɗi na ce sai na wanke shi ya yi ƙamshi kafin in kai wa Mma. Na jiƙa a baho na tafi kasuwa.

Ko da na dawo, ruwan ya zama shuɗi kamar karofi. Zanen Kaka ya zuba, duk farin da rawayan da ke fuskar sun rine. Ban wanke ƙyalle ko ɗaya ba kafin ɗinki. Na ɗaga shi, sai na ji audugar ta gudu ta taru dunƙule-dunƙule a ciki, domin a gefuna, inda na gaji, na bar tazarar kusan taƙi guda tsakanin layi da layi, alhali a tsakiya yatsa uku na bari kuma can ko motsi ba ta yi ba. Na shanya shi a igiya, na zauna a kan turmi ina kallonsa yana ɗiga.

Mma ta fito da butarta, ta tsaya, ta shafa shi sama da ƙasa, ta juya bayan ta ga zanen uwarta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "In ya bushe ki kai mini ɗaki. Kuma ki kawo allura biyu."

Abin da muka yi da allura biyun nan, da baƙuwar da ta zo daga Ankara ta ga bargon a gadon Mma ta sa masa kuɗi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.