Zama na huɗu da rukuninmu na masu tallan la'ada

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, ga inda na kai a horon da nake ba abokan aikina ido da ido. Mun kammala zama na huɗu, kuma shi ne na farko da na tashi daga gare shi da kwanciyar hankali.

A zama ukun farko ni kaɗai nake magana. Na bayyana musu cewa aikinmu dillanci ne, sai dai a intanet mahaɗin (wato adireshin da ake dannawa) da kamfani ya ba mutum, mai ɗauke da lambarsa, shi ne shaidar cewa ta hannunsa ciniki ya biyo. Kowa ya gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka an gane. Sai da na ce kowa ya fito da wayarsa ya turo mini mahaɗinsa, sannan na gano cewa wasu suna kwafo adireshin kaya kai tsaye daga shafin kamfani babu lambarsu a ciki, wato sun shafe makonni suna talla alhali la'ada ba za ta taɓa shiga hannunsu ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da na duba tun ranar farko da ba su yi wannan asarar ba.

Saboda haka na sauya tsari. Bayanina bai wuce minti 15 ba, daga nan na haɗa su biyu-biyu: ɗaya ya fitar da mahaɗi, ɗayan ya duba ƙarshen adireshin ya nuna da yatsa inda lambar take. Wannan shi ne amfanin haɗuwa a ɗaki guda, domin mai jin nauyin yin tambaya a gaban jama'a yakan yi ta a hankali ga wanda ke kusa da shi.

Inda muka fi daɗewa shi ne wa'adin la'ada. Na kawo misalin tsarin Amazon Associates na kamfanin sayar da kaya a intanet, Amazon, wanda aka fara a 1996: bayan an danna mahaɗi, awa 24 ne wa'adin da cinikin mai saye zai jawo wa ɗan talla la'ada, kuma sabon ɗan talla yana buƙatar ciniki 3 cikin kwana 180 kafin a tantance shi. Wata daga cikinmu ta ce ashe shi ya sa ba ta samu komai ba daga wanda ya saya bayan kwana uku. Na ƙara musu da cewa a tsare-tsare da yawa mahaɗin da aka danna na ƙarshe shi ke cin la'ada, kuma ba a yarda mutum ya sayi kaya ta mahaɗin kansa ba.

Batun sanar da mai saye cewa muna samun la'ada ya jawo gardama, don wasu na ganin zai kori ciniki. Ban sassauta ba. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta wajabta hakan, Amazon ma ta sa shi cikin sharuɗɗanta, kuma ko da babu doka, a ganina haƙƙin mai saye ne. Kowa ya rubuta jimlarsa ta sanarwa ya karanta mana da murya.

Har yanzu mutum biyu masu saurin fahimta suna mamaye amsoshi, kuma ban samu dabarar rage musu ba tare da na kashe musu gwiwa ba. A zama na biyar kowa zai zo da rahoton asusunsa, mu kwatanta yawan waɗanda suka danna da yawan waɗanda suka saya, kuma da masu shiru zan fara.