In'ina da yaran unguwarmu

Da in'ina na taso. Malam na kiran sunana a aji sai in sunkuyar da kai, gani nake kowa ya fi ni. Na girma da saurin fushi, ashe kunyata nake ɓoyewa.

Alfred Adler, likitan nan ɗan Ostiriya da aka haifa a 1870, shi ma da ciwon ƙashi ya taso. A ganinsa jin ƙasƙanci kan zaburar da mutum, muddin ya karkata ga amfanar jama'a.

Ni dai harshena bai saki ba sai da na fara koya wa yaran unguwarmu karatu bayan La'asar. Jiya wata mai in'ina ta karanta shafi guda, ban katse ta ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla.