Rumbun da ba ka taɓa buɗewa ba

Ƙannena masu fitowa daga jami'a da takardar ilimin kwamfuta, ku matso in ba ku labarin kunyar da na sha, ko Allah ya sa ku tsallake ramin da na faɗa.

A wani asusun ajiya da lamuni nake aiki nan Damagaram. Muna da uwar kwamfuta a biro, ga ta biyu a reshenmu na Maraɗi, duk abin da aka rubuta a nan sai ya bi rezo ya sauka can cikin 'yan daƙiƙu. Ni na haɗa tsarin da hannuna, kuma ina ji da shi. Duk sanda darakta ya tambaya, "In gobara ta tashi fa?" sai in ce, ranka ya daɗe, ai akwai Maraɗi.

Gobara ba ta zo ba, ni na zo. Wata Alhamis ta ƙarshen wata na buga umarnin share tsofaffin layuka, na manta ban sa iyakar kwanan wata ba. Lissafin ajiyar mutane ya bi ruwa. Na kira Maraɗi hannuna na rawa, ashe abin da na goge nan ya riga ya goge can. Kwamfutar ba ta da laifi, aikin da na sa ta ke nan. Madubi ce, in ka ɓata rai ba za ta yi maka murmushi ba. Tana tsare ka daga gobara ko mutuwar faifai, amma kuskuren hannunka da ƙwayar cutar da ke kulle bayanai sai ta kwafe su tsaf kamar sauran.

Sai na garzaya wajen ajiyar dare, wadda ake ɗauka bayan an tashi daga aiki. Faifan ya cika tun watanni, ajiyar ta tsaya, saƙon gargaɗin kuma yana shiga wani akwatin imel da ba mai buɗewa. Rumbu ne na rufe tun kaka ban leƙa ba, ranar yunwa na tarar gara ta gama da hatsin. Kwana uku muka yi da masu karɓar kuɗi muna shigar da rasit ɗaya bayan ɗaya, 'yan kasuwar Dole na tsaye bakin ƙofa. Wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "Yaro, kuɗina dai suna nan ko?" Har yau ina jin muryarta.

Daga baya na karanta cewa a 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge bayanai a kan kwamfutar da ba ita ya nufa ba, suka tarar hanyoyin ajiyarsu biyar ba wadda ke aiki yadda aka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. Na ɗan ji sanyi, ba zan ɓoye ba. A Maris 2021 kuma gobara ta cinye wani ginin OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane bayanai, a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ke waje ɗaya da asalin bayanan suka rasa duka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin komai, ku zauna da darakta ya faɗa da bakinsa aikin awa nawa za a iya jure asararsa, kuma awa nawa biro zai iya zama a rufe. Ku rubuta, ya sa hannu. Sannan ku ajiye kwafi uku a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari, ɗayan ma a cire shi daga rezo gaba ɗaya.

Sai ku gwada tsarin, kuma gwajin kada ya zama na baki. Ranar Lahadi ku kashe uwar kwamfutar da gangan. Ku miƙa wa ƙaramin ma'aikaci takardar matakai bugaggiya, domin ranar masifa kwamfutar da takardar ke ciki ita ce matacciyar. Ku riƙe agogo, ku yi shiru, duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya takardar ce ke da giɓi. In tsarin ya tashi, mai karɓar kuɗi ya duba jimillar jiya da idonsa, don tashin kwamfuta daban, daidaituwar lissafi daban. Ku gwada mayar da aiki kan uwar kwamfutar ta farko ma. Nan ne mutane ke tuntuɓe, kwamfutoci biyu kowace ta ɗauka ita ce uwa, lissafi ya rabu biyu.

Kuma ku gwada da yanayinmu. A Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wa Nijar kuran, da yawa sun gano gurup ɗinsu bai saba dogon aiki ba. Ga zafin Afrilu mai wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Yanzu duk wata uku muke yi. A gwajin ƙarshe komai ya tafi daidai, sai makullin ɗakin kwamfutar Maraɗi da ya bi maigadi ƙauye wajen suna. Mun sara na biyu.