Asabar a gareji: mota ɗaya, aiki biyu

Asabar, da daddare.

Tun ƙarfe 7 na safe motar take hawa da sauka kan turakun ƙarfe huɗu, sai da rana ta faɗi ta bar su. Toyota GT86 ce ta 2013, injin lita 2, ƙarfin doki 200, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta wajen kilo 1,250. Abu biyu ake nema a wurinta, kuma ba sa ga maciji da juna: ranakun aiki ta bi titi ba tare da ta karya wa mutum ƙugu ba, ranar fili kuma, wato ranar shiga filin tseren motoci, ta yi zagayen minti 20 sau huɗu ko biyar birki bai gaza ba. Inji ban taɓa shi ba. Ƙarin doki ƙarin zafi ne, kuma zafin da ake da shi ma ba a gama shawo kansa ba.

Kafin in ɗauki sifana na raba takarda gida biyu. Gefe ɗaya abin da za a saita sau ɗaya a bar shi: man birki, tsayin mota, rabon nauyi, alaimen. Ɗaya gefen abin da ake sauyawa cikin awa guda ranar fita: takalman birki, tayoyi, iska, taurin shokazoba. Duk abin da ya ƙi shiga ɗayan gidajen nan, kamar cire kujeru ko sa bushin na ƙarfe zalla, ba na motar nan ba ne, na motar tsere ne.

Da birki na fara, don shi ke fara gajiya. Zafin da birki ke sha ba daidai da gudu yake hawa ba, idan gudu ya ninka biyu zafin sau huɗu yake ninkawa. Rage gudu daga kilomita 160 zuwa 60 a bakin kwana ɗaya daidai yake da tsayawa cak sau shida daga gudun 60, kuma a fili ana maimaita haka kowane zagaye, babu sararin hucewa. Man birki kuwa yana zuƙar danshi daga iska. Ƙa'idar man birki ajin DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa, kumfa kuma matsuwa take yi, ƙafa ta nutse har ƙasa mota na ci gaba da tafiya. Na zuba Motul RBF 600 mai kai digiri 312 a bushe. Shi ma dangin DOT 4 ne. Wanda ba a kusanta shi ne DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, DOT 5.1 daban ne duk da kamar suna.

Kwalba biyu ta rabin lita suka tafi. Na zuƙe tsohon mai daga kofin masta da sirinji, na cika da sabo, sannan aka bi tayoyi daga mafi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ƙanena ne a kan feda. Ya taka ya riƙe, in buɗe nonon kalifa rubu'in juyi, in rufe, sannan in ce ya saki. Na sa guntun katako a ƙarƙashin fedar don kada ta kai ƙasa, saboda robar masta kan yage idan ta shiga wurin da ba ta saba gogawa ba. Bayan kowane taki biyar sai a leƙa kofi. Idan ya ƙafe iska ta shiga akwatin ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, to fitar da ita sai da kwamfutar gwaji, aikin minti 40 ya koma na yini. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan fenti na wanke shi nan take da ruwa, man birki cin fenti yake yi.

Maganar takalmin birki ita ce inda mutane suka fi yaudarar kansu da neman guda ɗaya mai yin komai. Na titi yana kamawa tun da sanyin safiya, ba ya ƙara, amma in zafi ya wuce ƙarfinsa sai ya yi santsi. Na fili yana son zafi, da sanyi kuwa kuka yake yi, ya baɗe rim da baƙar ƙura, ya riƙa cin faifai kamar magagari. Don haka saiti biyu na ajiye, kowanne an rubuta masa gefensa da ciki ko waje. Bambancin gazawar biyu ya kamata a san shi tun kafin a shiga fili: feda da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga wari, takalmi ne ya yi zafi; feda ta yi laushi ta yi nisa, mai ne ya tafasa. Na farko yakan dawo bayan zagaye ɗaya a hankali. Na biyu sai an fito an sake zubar da mai. Takalmin da ya sauka ƙasa da rabin kaurinsa ba na shiga fili da shi, domin siririn takalmi yana miƙa zafi kai tsaye ga fistin, daga nan ga mai. Faifan gaba na auna su da ma'aunin kauri na gwada da adadin da aka buga a jikinsu, suna da saura. Faifai marasa huji na bari. Masu huji kyan gani ne, amma daga bakin hujin tsagewa ke farawa.

Da hantsi aka koma ƙafafu. Shokazoba masu zaren daidaita tsayi ne, sifirin kilo 6 a kan milimita gaba da baya. Na sauke motar milimita 25 kawai. Na san ana sha'awar a ga taya ta shige cikin bodi, amma a tsarin gaba irin na wannan motar, idan hannun ƙasa ya fara kallon sama daga ciki zuwa waje sai motar ta ƙara kwanciya a kwana maimakon ta rage, ga shi shokazoba ba ta da sauran wurin nutsewa, ta riƙa dukan robar tsayawa. Motar da ke zaune kan wannan robar a tsakiyar kwana ba ta ba da sanarwa kafin ta kuɓuce. Notunan hannuwa masu bushin na roba ban ɗaure su ba sai da nauyin mota ya sauka a kansu. In aka ɗaure suna rataye, robar murɗaɗɗiya take zama, ba ta daɗewa.

Sikeli huɗu na aro, na daidaita su da ma'aunin ruwa, don bene mai gangare ko na milimita kaɗan ƙarya zai ba ka. Tanki rabi, buhunan yashi kilo 80 a kujerar direba, sitabilaiza a kwance daga gefe ɗaya. Karatun farko, a kilo: gaba hagu 378, gaba dama 330, baya hagu 312, baya dama 310, jimla 1,330. Abin dubawa shi ne gicciye, wato gaba dama haɗe da baya hagu: 642, kashi 48.3 cikin ɗari. Motar da take haka ba ta shan kwanar hagu da ta dama iri ɗaya. Na ɗaga mazaunin sifirin na gaba dama da baya hagu, na sauke na sauran biyun daidai gwargwado don tsayi ya zauna yadda yake, ana girgiza motar bayan kowane juyi. A karo na huɗu: 367, 341, 323, 299. Gicciye 664, kashi 49.9. Nauyin gaba yana nan a 708, na hagu yana nan a 690. Waɗannan zare ba ya motsa su, sai dai a ɗauke wani abu kamar batir a sauya masa wuri. Da na zo mayar da sandar sitabilaiza na daidaita tsawonta har noti ya shiga da hannu ba tilas, in ba haka ba ta ɓata duk aikin.

Alaimen ya ci sauran yammacin, kuma ya cancanta, don babu abin da ke sauya halin mota kamarsa. Kamba, wato yadda kan taya ke jingina zuwa ciki, ita ke sa tafin taya ya kwanta sosai lokacin da bodi ya karkata a kwana. Idan babu ita, kafaɗar waje ta tayar gaba ce ke ɗaukar komai, a yini ɗaya ta gigita. Motar fili zalla takan kai digiri 3 ko fiye a gaba. Na tsaya a 2.3 gaba, 1.8 baya. An cika ɗora wa kamba laifin cin taya ta ciki, alhali yawanci kallon tayoyi ne mai laifin, wato ko suna kallon juna ko suna kallon waje. Kuskuren milimita 3, jimlar tayoyi biyu, a rim mai inci 17 yana nufin ana jan kowace taya a kaikaice kusan mita 3 da rabi a kowace kilomita. Haɗa wannan da kamba, gefen ciki ya ƙare tun sauran tafin na sabo. Saboda haka gaba na sa sifiri, baya kuma suna kallon ciki milimita 1 kowane gefe don gindin motar ya natsu lokacin taka birki. Da zare biyu a miƙe a gefunan motar na auna, daga zare zuwa leɓen rim gaba da baya, sitiyari a ɗaure a tsakiya. Akwai masu tura farantin kamba ciki ranar fili su dawo da shi da yamma. Ban ga hikimar haka ba sai in za a sake auna kallon tayoyi kowane karo, domin motsa ɗaya yana motsa ɗayan.

Taurin shokazoba daga mafi tauri ake ƙirga shi, can ne ƙarshen da ba ya ruɗi. Nawa na da ƙas 24, wato matakan juya makunnin saiti. Titi: 16 daga tauri gaba da baya. Fili: za a fara da 8 gaba, 10 baya. In gaba ta ƙi shiga kwana tana turawa waje, a sassauta gaba ko a ƙara wa baya. In gindi ne ke neman wucewa, akasin haka. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙas biyu kawai, a rubuta.

Tayoyin fili suna kan nasu rim, masu lambar ƙarko 200, masu laushi da kama ƙasa amma marasa son ruwa kwance. Na titi suna nan da iska 35 a ma'aunin psi kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofa. A fili da zafi ake auna iska, da zarar an fito. Iska kan hau kusan 1 a duk digiri 5 ko 6, don haka wanda ya shiga da 35 zai fito da 41 ko fiye, tsakiyar taya ta kumbura, mota ta riƙa zamewa kamar an zuba mai. Zan fara da 29 a sanyi, ina neman 33 zuwa 34 a zafi. Ma'aunin zafi mai allura shi zai faɗi gaskiyar kamba: ciki, tsakiya, waje. Ciki ya ɗara waje da digiri 5 zuwa 10, daidai ke nan. Tsakiya ta fi duka, iska ta yi yawa. Waje ya fi ciki, kamba ta yi kaɗan. Kuma kafin a kama hanyar gida a mayar da iskar da aka sace. Notin taya ƙarfin ɗauri 120 Nm da sifana mai awo, a gicciye, taya da sanyi.

Baƙin mai sabo ne, a cike har layin sama, domin a doguwar kwana mai kan taru gefe guda famfo ya zuƙi iska. Na haɗa gejin zafin mai. Idan ya wuce digiri 130 a ɗaga ƙafa a yi zagayen hucewa. In har hakan ya yawaita za a sa ƙaramin lagireton mai, amma mai makullin zafi da ke buɗewa wajen digiri 80, in ba haka ba a titi mai ba zai yi ɗumin da zai kori danshi ba. Fetur kada ya sauka ƙasa da rabi, saboda dalili irin na baƙin mai.

Kujera da bel na masana'anta na bar su, kuma da gangan. Bel mai madauri huɗu ko shida yana riƙe mutum a miƙe. In mota ta kife babu ƙarfen kariya a sama, babu inda kai zai kauce. Ƙarfen kariya kuma a titi, inda ba a sa hular kwano, shi kansa abin fasa kai ne. Kujerar tsere, ƙarfe, bel, hula da abin riƙe wuya tare suke tafiya, ko duka ko babu. Hular kwano mai shaidar Snell SA2020 ta isa a wannan matakin.

Da magariba na fita zaunar da takalman fili a hanyar da babu kowa: taki goma masu ƙarfi daga 100 zuwa 20, ba tsayawa cak, sannan minti goma ana tafiya ba a taɓa birki ba. Faifan sun fito da launin toka-toka bai ɗaya, alamar takalmi ya shafa jikinsa daidai. Da na dawo na bar ta a giya, ban ja birkin hannu ba, kuma haka za a yi bayan kowane zagaye, don abin da ya dafe wuri ɗaya a ƙarfe mai zafi yakan bar tabo, daga baya a ji feda na rawa a zaci faifai ne ya lanƙwashe.

Sitiyari ya ɗan karkata dama kamar faɗin yatsa. Gobe da safe zan gyara shi a tayarod, rubu'in juyi kowane gefe, ɗaya ciki ɗaya waje, in sake ɗaura zare. Sifirin sababbi ne, za su ɗan zauna, don haka bayan kilomita 300 za a sake auna tsayi daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi a kusurwa huɗun.