Allon Bakin Ƙofa

Na haura shekara goma ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a Gyaɗi-Gyaɗi. Rumfar kwano ce, benci goma sha huɗu, talabijin uku, sai inji mai shan fetur kamar ba gobe. Duk cikin kayan nan babu wanda ya kai allon bakin ƙofa kawo mini kuɗi, wanda nake rubuta wasannin mako da alli. Na daɗe ban gane haka ba. Ƙwallon kwando ce ta ganar da ni, wasan da sana'ata ma ba ta tsaya a kansa ba.

Ni dai tun ina saurayi nake son ta. Mukan tako da ƙafa har Ƙofar Mata, mu shiga rufaffen ɗakin wasa na Sani Abacha idan Kano Pillars ta ƙwallon kwando za ta buga. Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka ƙwallon ƙafa kaɗai Kanawa suka sani. Wallahi akwai ranakun da sai ka tsaya a kan ƙafarka har a tashi, zufa na zuba, ƙarar takalma a kan daɓe na shiga kunne, ana "Sai masu gida!" kamar rufin zai ɗaga. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2013 da 2014, ta sake ɗauka a 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. A lokacin ƙungiyoyin Arewa suna rukunin Savannah, na Kudu suna Atlantic, sai a haɗu a zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi takwas. Gasar tana ɗauke da sunan DStv, daga baya Kwesé ta karɓa. To me zai hana in haska a rumfata in samu na cefane?

Na gwada da gasar Amurka, NBA, na sha ƙasa. Wasanninsu sai tsakar dare agogonmu, ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu. Daren farko mutum uku suka zo, ɗaya ma barci ya kawo shi. Na ƙona fetur na kashe inji, na ce ai mutanenmu ba sa son wannan wasa.

Akwai wani dattijo a layinmu, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga rumfar, ya buga ƙwallon kwando a zamaninsa, kowa Baba Koci yake ce masa. Da na kai masa kuka sai ya yi dariya.

"Kai yaro, ka rubuta a allo?"

"Baba, ai na faɗa wa mutane da baki."

"Na Arsenal da baki kake faɗa?"

Na yi shiru. Ya ce ita NBA ɗin da nake gani kamar daga sama ta faɗo, a 1946 aka kafa ta, kuma har a 1980 da 1981 akwai wasannin ƙarshe da gidan talabijin bai haska kai tsaye ba, sai ya naɗa ya saka cikin dare bayan an gama labarai. A ƙasarsu fa! Abin da ya tashe ta, in ji shi, mutane sun samu wanda za su yi musu a kai. Magic Johnson da Larry Bird sun shigo a 1979, ɗaya a Los Angeles ɗaya a Boston, gari ya rabu biyu. Michael Jordan ya zo a 1984, shekarar da aka ɗauki Hakeem Olajuwon ɗan Legas kafin kowa a zaɓen sababbin 'yan wasa. Sai gasar Olamfik ta Basalona a 1992 ta kai sunayensu duniya. Amma kafin duk wannan, ya ce, akwai abu ɗaya da ba ya motsi: kaka tana farawa a Oktoba, ana ɗaga kofi a Yuni, kowace ƙungiya wasa 82, kuma tun kafin a jefa ƙwallon farko ka san ranar da za a buga kowanne.

Na sake gwadawa a azumin 2019. Dama ce ta zo, don matasa ba sa barci tsakanin asham da sahur, kuma wasannin kifa-ɗaya-ƙwala sun faɗo daidai lokacin. Wannan karon na ware gefen allo na ja layi. Na rubuta rana da lokaci, sannan a ƙasa na ƙara da manyan baƙi: SHUGABAN TORONTO A ZARIYA YA TASHI. Masai Ujiri nake nufi, shugaban ƙungiyar Toronto ta NBA a lokacin, kuma gaskiya ce. Wannan layin ya yi aikin da bakina bai yi ba. Mutum zai tsaya da babur ya karanta, ya ce, "Maigida, wace Zariyar? Tamu?" In ce taka, ka zo ƙarfe goma sha biyu.

Daren wasa na bakwai, wato na raba gardama, tsakanin Toronto da Philadelphia ba zan manta ba. Benci ya cika, rabin mutanen ba su ma san me ya sa wata ƙwallo maki biyu ce wata uku ba, Baba Koci yana zaune a gaba yana ta bayani da sandarsa. Ana 90 da 90, saura 'yan daƙiƙu. Kawhi Leonard na Toronto ya ja ƙwallo zuwa kusurwa ya cilla ta sama, aka busa tashi tana iska. Ta bugi ƙarfen kwandon ta yi tsalle, ta sake bugawa, har sau huɗu. Rumfata ba ta taɓa yin tsit irin na wannan lokacin ba, ƙarar inji kawai kake ji daga baya. Da ta faɗa ciki, wani yaro ya taka ƙarshen benci ya kifar da mutum biyar. Daga nan kowa ya wuce sahur yana musu. (A goman ƙarshe na rufe, don ba zan ja layi da tahajjud ba, Liman ma maƙwabcina ne.) Bayan Sallah Toronto ta ɗauki kofin a hannun Golden State, kuma waɗanda suka zo daren ba azumi ne ya tashe su ba, agogo suka saka.

Nan sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na ce tunda na Amurka ya karɓu, bari in jawo su zuwa namu na gida. Wani ya faɗa mini za a yi wasa ranar Asabar, ban bincika ba na rubuta a allo, har na ce mu haɗu mu tafi tare. Matasa suka yo wanka suka zo, muka ɗauki adaidaita-sahu uku, muka tarar da ƙofa a kulle. Laifina ne, na rubuta jita-jita da alli. Kuɗin motar ban damu da shi ba. Abin da ya yi mini ciwo, makonni bayan nan ko wasan Ingila na rubuta sai wani ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan na gaske ne ko irin na ranar nan?"

A wannan tambayar na fahimci ciwon gasarmu. Tun zaɓe biyu da aka yi na hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a 2017, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, kowane ɓangare na cewa shi ne halastacce, gasar gida ta daina tafiya a kan ƙa'ida. Abin da ya kamata ya ɗauki watanni sai a dunƙule shi cikin 'yan makonni a gari ɗaya ko biyu. Mai kallo kuwa sabo yake so. Idan ya zo sau biyu bai samu ba, ya koma wajen Firimiyar Ingila, wadda ko ruwa ko iska ya san Asabar tana nan. Kuma ba gwanaye muka rasa ba. D'Tigers, tawagar ƙasa ta maza, sun ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021. D'Tigress, ta mata, sun kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Faransa a 2024, abin da babu wata tawagar Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a shekarar. Sai dai ka tambayi yaran rumfata sunan ɗan wasa biyar da ke bugawa a gida, su yi ta sosa ƙeya, alhali za su lissafo maka na Golden State har da masu zaman benci.

Gefen allon nan har yanzu yana nan da layinsa. Ba na rubuta wasan gida sai na ji daga baki biyu, kuma ɗaya dole ya zama Baba Koci, wanda har gobe yakan hau adaidaita ya je Ƙofar Mata ya gano da idonsa. Shekaranjiya yaron da ya kifar da benci, wanda yanzu ya fi ni tsawo, ya tsaya yana kallon wurin babu komai.

"Maigida, yaushe namu za su buga?"

Na miƙa masa allin na ce ya je ya tambayo Baba, in ya samo ranar ya rubuta da hannunsa.