Ƙwayar da ke cin robar gora, da wahalar da ake sha kafin a raɗa mata suna

Tun 2016 labarin nan yake yawo a WhatsApp, wai an gano ƙwayar bakteriya mai cin roba, lokaci-lokaci sai wani ya sake turo shi kamar jiya aka yi. Gaskiya ne fa, ba ƙarya ba. Amma ni cin robar bai ja hankalina kamar yadda ake tabbatar da cewa ƙwaya sabuwa ce ba, don nan ne ake shan wuya.

Masu bincike ne a Japan, su Shosuke Yoshida da Kohei Oda, suka kwaso samfuri 250 na ƙasa da laka da ruwan datti daga inda ake sarrafa tsofaffin gorunan roba a garin Sakai. Sai suka riƙa rainon abin da ke ciki a kan siririn fallen robar PET, irin wadda ake gorar lemo da ita, suna duba wa zai iya rayuwa da ita a matsayin abinci. A haka suka ware guda ɗaya, lambarta 201-F6, tana cinye fallen kusan kaf a sati 6 in zafi ya kai digiri 30.

To ka ware ta, sai me? A madubin ƙara girma na lab za ka ga siffarta kamar ɗan sanda, rinin Gram da ake bambance ƙwayoyi da shi ba ya kama ta, tana buƙatar iska, tana da ɗan wutsiya da take iyo da shi, amma wallahi ƙwayoyi masu wannan kamannin ba sa ƙirguwa, don haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a karanta wani sashe na ƙwayar halittarta da ake kira 16S rRNA a gwada da na waɗanda aka riga aka sani, in kamannin ya gaza kusan kashi 98.7 cikin ɗari sai a fara zargin sabuwa ce, zargi kawai fa. Daga nan a gwada DNA ɗinta gaba ɗaya da na danginta na kusa, a tsohon gwaji ƙasa da kashi 70 ake nema, yanzu kuma an fi kwatanta jinom, wato cikakken jerin DNA, a kwamfuta inda iyakar take wajen kashi 95 zuwa 96. Ga gwajin irin sukarin da take ci da kitsen da ke jikinta.

Kuma ko duk ka ci wannan ba ka isa ka yanka ragon suna ba, sai ka ajiye ta da ranta a ma'ajiyar ƙwayoyi biyu a ƙasashe biyu daban, don wani ya iya karɓa ya ƙaryata ka in zai iya, sannan sunan ya fito a IJSEM, mujallar da ake tabbatar da sunayen bakteriya a cikinta. Wannan sharaɗin yana burge ni sosai. Haka aka sa ta cikin dangin Ideonella ta zama Ideonella sakaiensis.

Masu murnar ta zo ta share mana kwalbatoci kuwa su ɗan dakata. Sinadaran da take narka robar da su, PETase da MHETase, PET suke karyawa, ita kuwa ledar fiya wata da baƙar ledar kasuwa folietilin ce, wata roba daban. Ko gorar lemon ma ta fi fallen da aka yi gwajin da shi tauri nesa ba kusa ba, cin ta a hankali yake tafiya ƙwarai.